Kujerar Bakin Taga

Dogo ya sa ƙafa cikin shagon aski ke nan Rediyo ya daina shara, ya jingina da sandar tsintsiya, ya ƙura wa ƙasa ido.

"Yaya, wani sabon yayi ne ya fito ba mu da labari?"

"Wane yayi?"

"Na takalmi ɗaya."

Dogo ya sunkuya ya duba. Ƙafar dama tana cikin silifa lafiya lau. Ta hagu kuwa tsirara take, ta kwaso dattin titi tun daga tashar bas, har da ledar alewa manne a diddige. Da biyu ya fito daga gida, wannan ba ya shakka, don matarsa Malama ta tsaya a bakin ƙofa ta bi ƙafafunsa da ido kamar yadda take bin 'yan ajinta. Ke nan ɗayan yana can cikin bas yana zaga gari shi kaɗai. Na uku ke nan bana, kuma duk na hagu.

"Kada ka faɗa wa kowa," in ji Dogo.

"Ni? Wa zan faɗa wa?" in ji Rediyo, wanda ba don komai aka sa masa sunan ba sai don har yau ba a gano wurin kashe shi ba. Ya rage murya, ya nuna ciki da haɓa. "Ai ba ma sai na faɗa ba. Baba ya gani. Tun bakwai yake zaune."

A kujerar bakin taga, kujerar Dogo, Kawu ne zaune, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa yana kallon ƙafar nan ta cikin madubi.

Kawu wan mahaifiyar Dogo ne, shi ne kuma uban Rediyo, shagon kuma nasa ne. Shekara arba'in da biyar ya yi yana riƙe aska kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Tun da ya bar aiki ba ya zuwa shago haka kawai, sai in wani abu ya lalace. Mutum ne da ba ya maimaita magana, ba ya dariya a wurin aiki, kuma shi ya koya wa Dogo sana'a tun Dogo bai kai tsawon madubi ba. Babban karatun da ya ba shi ɗaya ne: hannun da ke riƙe aska yanka kawai ya sani, yatsun da ke shafa fata su ne ke ganin gashi. Duk wanda ya gama wa mutum gyaran fuska bai bi muƙamuƙinsa da yatsu ba, a wurin Kawu ba mai aski ba ne, mai yankan ciyawa ne.

To, yatsun nan su ne Dogo ba ya ji da su shekara huɗu ke nan.

Abin ya fara ne wata safiya, ya tashi kamar wanda ya kwana a kan hannuwansa. Ya yarfa, ya murza, ya jira su dawo, ba su dawo ba. Bayan wata biyu ƙafar hagu ta bi sahu, daga yatsu har gwiwa. Aka yi ta yawon asibiti, har aka kai ga wata likitar jijiyoyi mai tabarau, ta sa aka tura shi cikin wani inji mai kama da bututu aka yi hoton kansa da bayansa. Ta kira ciwon da wani dogon suna, multiple sclerosis, ta ce a taƙaice Em-Es. Ta ce ya ɗauki jijiya kamar wayar lantarki mai rigar roba. Shi ciwon rigar yake ci, sai saƙo ya riƙa ɓacewa a hanya. Dogo ya ce to a naɗe ta da salatif mana. Likita ta yi dariya, ta ce da haka ake yi da ta fi kowa murna. Ta ɗora shi a kan magani don kada abin ya ci gaba da sauri, ta ce wata sagewar takan tafi, wata takan zauna. Tasa ta zauna, har ta cire mayafi.

Ƙarfi yana nan. Hannu yana juyawa yadda yake so. Ji ne babu, kamar wanda aka ɗinke wa safar hannu a jiki. Ya taɓa yin rabin awa yana neman makullin gida yana faɗa da kowa, alhali makullin yana dunƙule cikin tafinsa. Amma a shago, shekara huɗun nan, bai taɓa yankar kowa ba, kuma bai faɗa wa kowa komai ba.

Ya ƙarasa ya rusuna. "Kawu, ina kwana. Ya baya?"

"Bayana ba shi ya kawo ni ba. An ce min ba ka da lafiya."

"Lafiyata ƙalau, Kawu."

"Mai lafiya ƙalau, ina takalminka?"

Rediyo ya koma shara, yana share wuri ɗaya sau biyar don kada ya yi nisa da magana.

"Shekara nawa?" in ji Kawu.

"Huɗu."

"Huɗu." Kawu ya juya kalmar a baki kamar ƙwayar magani mai ɗaci. "Shekara huɗu kana ɗora aska a maƙogwaron bayin Allah da hannun da ba ya ji. A shagona."

"Ban taɓa yankar kowa ba, Kawu."

"Ban tambaye ka ba." Ya ɗaga haɓa. Sai a lokacin Dogo ya lura Kawu bai yi gyaran fuska ba, abin da bai taɓa gani ba tun yana yaro. Farin gashi ya cika masa fuska tun daga saje har wuya, mai tauri kamar wayar wanke tukunya. "Kwana biyar na tara maka. Ka cire shi. In na shafa na ji gashi ko ɗaya, ko na ga ɗigon jini, ka ajiye aska, ka koma kujerar ciki ka riƙa yi wa yara aski da inji. Ƙanenka ya dawo bakin taga."

Tsintsiyar Rediyo ta tsaya. Shekara tara yana hangen kujerar nan.

Shi kuwa Dogo ya waiwaya can cikin shagon. Kujerar ciki tana lungu ne, kusa da ƙofar baya, ƙarƙashin ƙwai ɗaya mai hasken gyangyaɗi. Mutumin da idonsa ya zama yatsunsa, in ka raba shi da taga ka raba shi da sana'a. Kuma dattawan da ke tsallake shaguna uku su zo wurinsa, ba don inji suke zuwa ba.

"Bari in wanke ƙafa in ɗora ruwa," ya ce.

A bayan shago akwai famfo da butar lantarki da bokitin tawul. Ya jona buta, ya ciro waya, ya danna lambar Malama da ƙashin yatsa, don da kan yatsan ba ya sanin ya danna ko bai danna ba.

"Ina tsakanin darasi, yi sauri," in ji ta.

"Ke kika faɗa?"

"Ban faɗa ba. Matar Kawu ce ta zo ta tarar ina sa maka maɓallin riga kamar ɗan aji ɗaya, ta tambaye ni dalili, ni kuma ba a koya min ƙarya ba."

"Da kin ce soyayya ce."

"Shekara goma sha ɗaya da aure? Wa zai yarda?"

Ya faɗa mata hukuncin Kawu. Yana jin hayaniyar yara a bayanta.

"Da takalmi nawa ka isa?" ta ce.

Ya kalli ƙafarsa ta hagu.

"Na sani. Na ce ka sa mai igiya, ka ce yana sa ka kamar ɗan sanda. To ka ji, Baban Yara: ka yi masa yadda kake yi wa kowa. Kada ka ɓoye dabarunka don kana jin kunyarsa. In ka tsaya yin irin nasa za ka yanke shi, ni kuma ba ni da fuskar da zan kai wa matarsa."

Ta kashe. Mata ke nan, su tona maka asiri sannan su ba ka umarni, kuma mafi ban haushi a ce suna da gaskiya. Dogo ya wanke ƙafa yana kallonta kamar ƙafar maƙwabci, ya ɓamɓare ledar alewa, ya zura wani ƙaton takalmin roba da suke sawa in za su wanke ƙasa. Tafinsa ya kai kaurin biredi. Ko mai lafiya ya sa shi ba zai san abin da ya taka ba.

Da ya dawo ya tarar Direba ya shigo, wani mai tasi da ke zuwa duk Talata, ya zauna a kujerar ciki Rediyo yana shafa masa kumfa yana ba shi labari ƙasa-ƙasa. Daga yadda Direba ya juyo ya kalli hannun Dogo, ka san labarin ya riga ya kai ƙarshe har an fara maimaici.

Dogo ya ɗaure wa Kawu ƙyalle a wuya, ya taka feda yana kallon ƙafarsa, kujera ta ɗago har fuskar Kawu ta zo tsakiyar madubi. Kujerar tsohuwa ce mai nauyi, ta ƙarfe da fata. In ka taka fedarta kana saki tana ɗagawa, in ka danne ka riƙe tana sauka. Kawu ya fi ji da ita fiye da wasu 'yan'uwansa.

Ya tsoma tawul a ruwan zafi, ya matse, ya ɗaga gefensa ya kai kuncinsa.

Kawu ya buɗe ido ɗaya. "Tawul ɗin da za ka sa min, shi kake goge fuskarka da shi?"

"Zafinsa nake ji, Kawu. Hannu ba ya faɗa min, kunci yana faɗa. Da gefen da ba zai taɓa ka ba nake gwadawa."

"Ashe," in ji Rediyo daga lungu. "Ni wallahi shekara huɗu na ɗauka addu'a yake tofa masa."

"Ni ma," in ji Direba ta cikin kumfa. "Har nakan ce amin."

Kawu ya rufe idon. Tawul ya sauka a fuskarsa, zafinsa daidai, ba ƙuna ba sanyi. Bai ce komai ba, wanda a wurin Kawu yabo ne.

Dogo ya kaɗa kumfa da buroshi, ya shafa, ya ɗauko aska ya sa sabuwar reza. Ƙotar askar a naɗe take da jar roba, don kada ta zame masa bai sani ba, don kuma ko da wutsiyar ido ya san inda take.

"Askar da na ba ka ce ka sa wa riga?"

"Ita ce, Kawu."

"Hm."

"Rediyo," in ji Dogo, "a kashe ka na minti goma."

"Ni me na ce?"

"Sauraro nake yi."

Gaskiya ya faɗa. Aska tana da murya ga wanda ya kasa kunne. In ta hau gashi tana cewa ƙar-ƙar, in ta zo inda ya kwanta sai ta yi laushi, in fata ta fita sai ta yi shiru. Da can Dogo bai taɓa jin muryar nan ba, don yatsu suna yi masa aikin. Sai da suka tafi ya gane askar ta daɗe tana magana ba mai saurarenta. Ya ja fatar kuncin Kawu da babban yatsa, yana kallon yadda ta miƙe don ya san ƙarfin da ya sa, ya ɗora aska ya fara saukowa daga saje.

Shago ya yi tsit, sai fanka da ƙar-ƙar. Rediyo yana aski yana hura hanci, bakinsa yana motsi ba sauti, kamar wanda aka ɗaure wa tuwon magana a maƙoshi. Kuncin dama ya fita fes.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Rana kuwa ta riga ta hau kwanon rufi. Ba a yi minti biyar ba zafi ya cika shagon, kuma zafi shi ne babban abokin gaban Dogo. Likita ta faɗa masa tun farko: wayar da rigarta ta ci, in ta ɗumama sai saƙon ya ƙara lalacewa. Ya ji safar hannun nan tana hawa, daga yatsu zuwa tafi, daga tafi zuwa wuyan hannu. Ya ɗaga aska ya ajiye.

"Me kuma?" in ji Kawu, rabin fuska fes, rabi kumfa.

"Minti biyu, Kawu. Zafi yana ƙara min abin."

Ya je famfo, ya sakar wa hannuwansa ruwa har gwiwa, ya jiƙa tawul ya rataya a wuya, ya sha kofi biyu. Ya dawo ruwa yana ɗiga a rigarsa.

"Mai aski ne ko ɗan dambe?" in ji Direba.

"Kai kuma wa ya kasa da kai?" in ji Kawu. Direba ya haɗiye sauran.

Kuncin hagu ya fita. Gashin baki ya daidaita. Saura wuya, inda ake sanin gwani, don fatar wuyan tsoho laushi gare ta, ga ninki, ga ƙashin maƙogwaro yana hawa yana sauka. Dogo ya ɗaga haɓar Kawu, ya matso kusa sosai, ya gyara tsayuwa, ya ƙura ido. Duk duniyarsa ta koma faɗin yatsa biyu na fata. Ya ɗora aska.

Ƙar. Ƙar.

Sai ya ga haɓar ta ɗan yi ƙasa. Ya bi ta. Ƙar. Ta ƙara yin ƙasa. Ya lanƙwasa gwiwa ya bi ta, a ransa yana cewa tsohon nan zamewa yake yi don ya gwada ni, ba zan kula shi ba. Ƙar. Ya ƙara duƙawa. Har ya fara tunanin ko jiri ne sabo ciwon ya kawo masa, ko kuwa shi ne yake ƙara tsawo a waɗannan shekarun.

Kawu kuwa da aska a maƙogwaro ba shi da halin cewa uffan. Idonsa ne kawai a madubi, yana kallon kansa yana nutsewa. Haɓa ta fara ɓacewa a ƙasan madubin. Baki ya bi ta. Hanci ya bi baki. A hankali, cikin natsuwa, kamar rana tana faɗuwa, har ya rage gira biyu da goshi, girar kuwa ta haɗe wuri ɗaya.

Kujera ta kai ƙarshe ta ce ƙwas.

Dogo ya ɗaga aska. Ya ga kansa a tsugune, ya ga Kawu a ƙasa gwiwoyinsa sun taso. Ya kalli ƙafarsa. Ƙaton takalmin roba yana zaune daram a kan feda, ya danne ta har ƙasa, hankalinsa kwance.

Direba ya cusa ƙyalle a baki, kafaɗunsa suna rawa.

Rediyo ne ya fara magana, kuma a faɗi gaskiya, duk surutunsa ba mugu ba ne. Yana son kujerar, amma ba ya son ya same ta haka. "Baba, kujerar nan ta tsufa," ya ce da sauri. "Tun bara nake faɗa. Da kanta take sauka. Ko jiya sai da ta sauke wani mai shago. Ko ba haka ba, Yaya?"

Ƙofa ce aka buɗe wa Dogo, faɗi guda. Kawu bai ga ƙafar ba, kansa yana sama. In ya ce e, an wuce wurin, laifi ya hau kan ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya musu. Shekara huɗu yana irin wannan: kofi ya faɗi ya ce santsi ne, almakashi ya suɓuce ya ce kumfa ce, takalmi ya ɓata ya ce ɓarayin bas ne, kamar akwai ɓarawon da ya ƙware a kan silifar hagu. Ya gaji da ɗora wa kayan shago laifi.

"Ba kujera ba ce, Kawu," ya ce. "Lafiyarta lau. Ƙafata ce a kan feda. Ban ji ba."

Daga ƙasan madubi girar nan ta kalle shi.

"Ɗaga ni," in ji Kawu.

Dogo ya taka yana saki, idonsa a ƙafa. Kawu ya fara fitowa: ido, hanci, baki a tsuke, sai haɓa mai sauran kumfa. Dogo ya janye ƙafar ya ajiye ta can gefe, ya kalle ta sau biyu ya tabbatar ta zauna inda aka ajiye ta, sannan ya ƙarasa wuyan, ja huɗu, ba gaggawa. Ya goge da tawul. Babu jini.

Nan ne wurin da mai aski yake bin muƙamuƙi da yatsu. Dogo ya buɗe aljihun tebur, ya ciro ƙullin auduga, ya yago kaɗan, ya buɗa ta har ta yi shara-shara.

"Ban ce maka na ji ciwo ba," in ji Kawu.

"Ba don ciwo ba ne."

Ya ɗora audugar a gindin wuya ya ja ta sama a hankali, tana fuskantar inda gashi ya kwanta. Inda fata ta fita, sai ta wuce sumul. Ya bi kunci, ya bi haɓa, ya bi ƙarƙashin leɓe. Da ya zo wani lungu ƙarƙashin kunnen hagu, bayan ƙashin muƙamuƙi, sai wani zare siriri ya maƙale ya tsaya. Dogo ya juya kan Kawu zuwa hasken taga, ya ɗiga kumfa, ya sa bakin aska sau ɗaya. Ya sake jan auduga. Ta wuce.

"Na gama, Kawu."

Kawu ya ɗago hannu. Yatsun nan da suka yi shekara arba'in da biyar suna aikin suka hau fuska. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya ja fata ya shafa. Ya koma lungun kunnen nan ya daɗe, don ya san wurin, shi kansa in yana yi wa kansa a gida nan ne yakan bari. Ya yi ta nema kamar wanda aka ce masa an ɓoye allura a katifa. Rediyo ya daina numfashi. Direba ya manta da dariya.

Kawu ya sauke hannu.

"Kai," ya ce wa Rediyo, "bulon da ke tare ƙofar baya, ɗauko shi."

Rediyo ya kawo. Kawu ya sauko daga kujera yana dafa baya, ya nuna da sanda. "Tura shi ƙarƙashin feda." Aka tura. Ya sa ƙafarsa ya danna da ƙarfi. Feda ta daki bulo ta tsaya, kujera ko motsi.

"In za ka ɗaga mutum ko ka sauke shi, ka sunkuya ka janye bulon da hannu, kana kallo. Ka gama ka mayar. Gobe kuma takalmi mai igiya."

"To, Kawu. Ke nan kujerar..."

"Hannu na zo dubawa, ba ƙafa ba." Ya ɗauki hularsa daga ƙusa ya sa. Bai kalli Dogo ba, madubi ya kalla. "Shekara huɗu. Da ka buɗe baki, da bulon nan ya shekara huɗu a nan. Ba ni na haifi uwarka ba, amma ni na goya ta. Kai har kana da ciwon da za ka ɓoye min."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya kama goge askar da ya riga ya goge.

"Ni ma na gama," in ji Rediyo da murya mai daɗi, don a sauya magana. Ya fizge ƙyalle daga wuyan Direba ya kaɗe. "Malam Direba, shafa ka ji. Kamar fuskar jariri."

Kawu ya riga ya kai bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya dawo, sanda tana ƙwas-ƙwas, ya miƙa wa Dogo hannu.

"Ba ni abin nan naka."

Dogo ya yago masa auduga. Kawu ya buɗa ta yadda ya ga an yi, ya taka har lungu, ya kama haɓar Direba ba sallama ya juya ta wajen ƙofar baya inda haske yake. Ya ja audugar daga wuya zuwa kunci, sau ɗaya.

Rabinta bai iso ba. Ta maƙale a wuya, ta maƙale a haɓa, ta yi tsiri-tsiri a muƙamuƙi. Ya sake yagowa ya bi ɗaya gefen. Kafin ya gama, Direba, mutumin da bai kai arba'in ba, ya yi farin gemu har kunne.

Direba ya leƙa madubi. "Na shigo saurayi," ya ce, "zan fita da jikoki."

Kawu ya juya ga ɗansa. "Kai kuma yatsunka goma duk suna ji?"

"Suna ji, Baba."

"Duk goman?"

"Duka."

"Madalla. Ranar Asabar zan dawo. Ba zan taɓa gemuna ba kafin nan, kai za ka cire shi." Ya cusa sauran audugar a aljihu, ya fita.

Wuta ta dawo, fanka ta tashi, audugar fuskar Direba ta kama kaɗawa. Dogo ya duba bulo, ya duba ƙafarsa, ya kaɗe kujerar bakin taga don wani dattijo ya riga ya tsaya a ƙofa yana jira. Ya daɗe yana jin wani abu ya canza a shagon bai gane ba, sai can ya gane: Rediyo ne ya yi shiru da kansa, ba wanda ya roƙe shi.

Sai da Rediyo ya sake shafa wa Direba kumfa sannan ya matso, ya rage murya.

"Yaya, audugar nan, ta kantin magani ce ko akwai wata ta musamman?"